Mai Awon Yara Daga Sudan

Ranar da Sirajo ya fara ganin Lubna, suna ajin horar da 'yan sa-kai a Jega, ana koya musu auna damtsen yara da wani zare mai launi uku. Aka gwada a damtsen Sirajo, zare ya ƙi zagayowa, aji ya kwashe da dariya. Ita kaɗai ce ko murmushi ba ta yi ba. Gogan naku kuwa a nan ya faɗa tarkon sonta, bai ko nemi shawara ba.

Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ya koro ta zuwa ƙasar kakanninta. A can mahaifinta ya fita neman ruwa wata safiya, har yau shiru.

Aka tura su ƙauyukan Maiyama. Sirajo, ɗan manoman albasa na Aliero, shi ke kai ta a babur, akwatin allura a tsakaninsu. Ta koyi jan guga, ta saba da fura. In zare ya nuna ja ta ba da maganin tamowa, ta wuce gida na gaba. Yaro ya warke, yaro ya rasu, fuskarta ɗaya.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Baƙuwata, tun da kinka sauka babur ya yi min faɗi. Kin ci abinci?"

Ta amsa: "Na ci. Gobe akwai awo."

Bawan Allah, har wannan sai da ya maimaita karantawa.

Da ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa Gudiya ta ce sam. "Ɗiyar da ba ta kuka, ba ta dariya? Ga Husna ɗiyar kawunka, mi ta rasa?" Ta hana shi zuwa Maiyama. Lubna ta ji ana cewa an ba shi Husna, ba ta tambayi kowa ba.

Ganin ɗanta yana ramewa, Gudiya ta taso da kanta don ta kashe maganar. Ta tarar da Lubna a gindin darbejiya tana wanke sikeli.

"Ke, kina son shi?"

"Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Tun da na baro gida ba na jin komai, daɗi ko zafi. Amma kwanakin nan, duk babur ɗin da ya wuce sai na ɗaga kai."

Gudiya ta nemi wuri ta zauna.

"Da na binne ɗan farina, haka ni ma na zama."

"Yana wucewa?"

"Ba duka ba. Matso nan, ɗiyata."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure, limami ya tsaya mata waliyyi. Mata suka yi ta guɗa, Gudiya tana ta sa albarka har muryarta ta dishe. Amarya dai tana zaune, ba kuka ba dariya.

Da ɗaki ya rage su biyu, ta ciro waya ta rubuta wa lambar mahaifinta: "Baba, an ɗaura. Sunansa Sirajo. Yana da kirki."

Saƙon bai shiga ba. Ta miƙa wa angonta wayar.

"Gaishe shi."

Sirajo ya gyara zama kamar surukin na gabansa, ya rubuta: "Baba, ni ne. Amanarka na hannuna. Duk randa ka taho, ka sauka Aliero ka tambayi gidanmu. Mun aje maka ɗaki."