Kunnen da Ya Rage wa Zuhair

Ranar da Zuhair ya shigo shagon Si Larbi rungume da amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin jita, ƙirar Ingila tana warin ƙonewa, Gizlan ya tarar a teburin gyara. Ita ke aikin yanzu. Mahaifinta na zaune a lungu, shekara tara ke nan rabonsa da jin muryar mutum.

"Kai ma ɗan gurnani ne ashe," ta ce tana leƙa cikinta.

"Gurnani? Muryar maza ke nan, 'yammata. Ta Amurka kuwa siririya, kamar ana tsiyaya shayi."

"Shayin dai ake sha. Taka sai an murɗe ta har ƙarshe take daɗi, kuma ko a haka bunsuru mai mura ce."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Gyaran kwana biyu sai da ya ci wata uku, don kullum da sabon ciwon da yake ƙirƙiro wa amfilifayar.

"Barewata," ya rubuto mata, "yau na kaɗa jita gaban mutum ɗari biyar, ke kaɗai nake nema a cikinsu."

"Ka rage ƙara, sarkin taurin kai. Ina son ka da kunnuwanka."

Da maganar aure ta zo, Si Larbi ya daki tebur.

"Ba zan ba shi ba! Da irin amfilifayarsa na yi kiɗa shekara ashirin, na san inda daɗinta yake. Can ƙarshen maɓalli yake, inda kunne ke mutuwa. Uwarki ta yi min magana a gadon asibiti, har yau ban san me ta ce ba. Ga Badar nan, shi ma yana sonki, da 'yar amfilifayarsa ta Amurka yake kiɗa a otal, a hankali, kamar mai mutunci."

Gizlan ta yi kuka, amma ba ta iya cewa ƙarya ya faɗa ba.

Ana cikin haka ta hango Zuhair a tashar tarago. Ta kira shi sau uku daga hagunsa, ko waiwaye bai yi ba. Ranta ya ɓaci sosai. Mako biyu ba ta ɗaga wayarsa ba, Badar kuma ya fara zuwa da kwalin dabino.

Sai ga saƙo: "Gizlan, ban san laifina ba. Daga wajen likita nake. Kunnen hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ma ya kama hanya in ban bari ba. Ki gaya wa Baba shi ya yi gaskiya."

Ta karanta a tsaye, ta zauna a ƙasa.

Washegari ya zo da amfilifayar ya dire ta gaban tsohon. Ya bar ƙungiyarsa ta kiɗa, ya bar sautin da birnin Kazablanka ya san shi da shi. Ya ɗauki takarda ya rubuta: "Baba, muryarta nake so in ji har na tsufa."

Si Larbi ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya miƙa wa Zuhair hannu.

An ɗaura aure bayan sallar layya, da 'yar ƙaramar amfilifayar Amurka tana kiɗa ƙasa-ƙasa, abokan ango na ta yi masa tsiya wai zaki ya koma kyanwa. Da za a tafi da amarya, tsohon ya riƙo hannunta ya zaunar da ita a daman mijinta. Ya ɗaga murya yadda kurame ke yi, har makaɗa suka tsaya.

"Allah ya yi muku albarka. 'Yata, ki yi ta yi masa surutu. Kome za ki faɗa masa, ki faɗa yau, kada ki ajiye sai gobe."