Mai Zaɓa Wa Inna Fim

"Wane ne mai shagon nan?!"

Da ƙarfi na yi maganar, har masu jiran cajin waya a kan benci suka juyo. Memorin waya yana damƙe a hannuna kamar zan murƙushe shi.

Wani dogon saurayi ya ɗago daga bayan kwamfuta, ya zare abin sauraro daga kunnensa.

"Ni ne, Malama. Sunana Kalilu. Lafiya dai?"

"Ina fa lafiya! Fim na ce a sa wa mahaifiyata, mara lafiya, tana kwance! Shi ne za a cika min memori da 'yan mata suna karairaya rabin tsirara?"

Inna ta samu karaya a ƙafa tun da keke napep ya kife da su a hanyar dawowa daga Kwandere. Zaman ɗaki ya ishe ta, shi ne na zo wannan shagon na tura fina-finai da ke bakin titinmu na Akurba. Na kunna mata a gaban Goggo Usaina, yayar Baffa mahaifina, da ta zo dubiya. Salatin da Goggo ta yi, har maƙwabta sun ji.

Wani kakkauran mutum da ke gyaran waya a gefe ya ajiye sukundireba, ya sosa ƙeya.

"Oga Kalilu, ni ne fa. Jiya ba ka nan, yarinya ya zo, ya ce fim mai daɗi. Na sa wanda kowa yana saya." Ya haɗa hannu biyu. "Sister, abeg no vex."

"Terseer, ban ce ka goge waɗannan ba?" in ji Kalilu. Ya juyo gare ni, idonsa a ƙasa. "Shagona ne, laifina ne. Ki yi haƙuri. Ki zauna in gyara."

"Ba zan zauna ba!"

"To ki tsaya. Wa da wa za su kalla?"

Ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar.

"Inna... da ni. Wani lokaci da baƙi."

"Inna tana son dariya ko kuka?"

"Tana son ta yi kuka, amma a ƙarshe a shirya."

Murmushi ya kufce masa. "Irin tsohuwata ke nan. A ina ta tashi?"

"A ruga."

"Shi ke nan, na san nata." Ya miƙo hannu ya karɓi memorin. "Akwai wani mai dogon zango, labarin dattijo makiyayi da ɗansa ya gudu birni. Na kalle shi tun daga fari har ƙarshe. Ba inda za ki nemi rimot da gudu."

Ban san lokacin da na zauna a bencin ba.

*

Inna ta yi kuka, ta yi dariya, ta manta da ƙafa.

"Mutmainna, maza koma wurin yaron nan, ki karɓo ci gaba! Ki ce masa na gode!"

Haka na zama 'yar aike. Idan na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa, sai in biya shagon. Kashi-kashi yake tura min, wai kada Inna ta hana kanta barci. Terseer kuwa da ya hango ni sai ya kama waƙa ƙasa-ƙasa, ya ce zai je sayen ruwa.

Wata rana na nuna wa Kalilu wata fosta a shagon da ke kallon nasu. Mata sun sha leshi, motoci sun jeru.

"Wancan fa? Da gani zai yi kyau."

"Fosta ba ta faɗin gaskiya, Malama. Mai fim ya fi kashe basira a kanta idan ya san ciki ba komai."

"To ta yaya mutum zai gane?"

"Ki nemi wanda ya kalla har ƙarshe, ki ce ya ba ki labari. In ya fara da kayan da jarumar ta sa da gidan da aka nuna, ki bar shi. In ya ce, 'Wallahi akwai wata tsohuwa a ciki kamar kakata,' wannan ki ɗauka."

"In ban sami kowa ba?"

"Ki ja shi zuwa tsakiya, ke kaɗai, ki kalla kaɗan. A farko kowa mutumin kirki ne, a tsakiya hali ke fita." Ya jingina da kujera. "Kuma in kin gama, ki saurari zuciyarki. Akwai fim ɗin da za ki tashi kina raina gidanku da mutanenki. Akwai wanda za ki tashi kina son ki kira wani ki gaishe shi."

"Kai wa kake son kira?"

Ban yi niyyar faɗa ba, wallahi. Bakina ne ya riga ni.

Ya daɗe yana kallon allon kwamfuta, alhali ba abin da ke kai.

"Da can in ina tantance fim, tambayar da nake wa kaina ita ce, zai dace da Inna? Yanzu ta canza..."

"Ta koma me?"

"A nan Mutmainna za ta yi dariya kuwa?"

Na ja mayafi na rufe fuskata.

"Mutmainna... ina sonki. Ba na son mu tsaya a bencin shago. Ki ba ni izini in zo in gaida Baffa."

Daga waje muka ji Terseer ya buga tafi. "Finally! Na gode Allah!"

Da gudu na fita, har na manta memorin, sai Terseer ne ya biyo ni da shi.

*

Kafin Kalilu ya zo, Ameer ya riga shi.

Ameer ɗan aminin Baffa ne, yana aiki a wani ofis a cikin gari, yana da mota da turare mai cika tsakar gida. Ya daɗe yana neman aurena, na sha gaya masa ba na yi. Goggo Usaina kuwa tana bayansa, ita ta kwashe labarin memorin farko ta ba shi, shi kuma ya ƙara gishiri ya kai wa Baffa.

Baffa Modibbo ya kira ni bayan la'asar. Dillalin shanu ne, mutum mai ƙarancin magana. Ranar ma ko kallona bai yi ba.

"An ce wani mai tura wa yara raye-raye kike kulawa."

"Baffa, ba haka ba ne..."

"Daga shagonsa abin kunyar nan ya shigo gidana ko ba daga can ba?"

"Daga can ne, amma ba shi ya..."

"Ya isa! Ba ke ba shi. Miƙo min abin nan."

Na miƙa masa memorin, hawaye na zuba. Ya jefa a aljihu.

Inna ta ɗago daga kan katifa. "Malam, ana tsakiyar labari fa!"

"Salamatu, ki kama carbi."

Na shige ɗaki na kira Kalilu. Kuka ya hana ni magana.

"Mutmainnata, yi shiru... don Allah yi shiru, kina karya min zuciya."

"Ya ce ba ni ba kai!"

"Baffa yana da gaskiya a kan abin da ya ji. Kada ki zo shago, kada ki saɓa masa. Zan nemi hanya ta gaba, ba ta bayan gida ba."

"In ya ƙi fa?"

"Zan jira, hasken idona. Ni ai na saba da mai dogon zango."

Cikin kukan sai da na yi dariya.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ameer ya iso da ƙatuwar talabijin a kwali. Wai kyauta ce ga Inna. Goggo Usaina sai guɗa take.

"Kun ga ɗan mutunci! Kun ga wanda ya san darajar iyaye!"

Aka kafa ta a falo. Aka tallabo Inna. Har Baffa ya zauna, saboda kunyar amininsa.

Ameer ya zaro filash daga aljihu yana taƙama. "Baffa, wannan sabon fitowa ne, na tarbiyya. Dubi hotonsa a wayata, duk mata da hijabi, har da masallaci a baya."

"Ka kalla?" na tambaye shi.

"Ina nake da lokacin kallo, Mutmainna? Kowa maganarsa yake."

Fim ya fara lafiya lau. Wata yarinya ta yi sallama da iyayenta za ta tafi makaranta. Goggo tana gyaɗa kai. Yarinya ta shiga mota, ta cire hijabi ta cusa a jaka. Sai ga ta a wani ɗakin otal, kiɗa ya tashi...

"A'uzubillahi!" Goggo ta kife fuska a cinya.

"Kashe!" in ji Baffa.

Ameer ya danna rimot. Ya sake dannawa. Ya bubbuga shi a tafin hannu. Ashe bai sa batir ba!

"Kashe na ce!"

Ya ruga wurin talabijin yana laluben maɓalli, sai ya ƙaro murya. Kiɗa ya cika unguwa. Baffa ya miƙe da kansa, ya fizge wayar wutar daga jikin bango.

Falon ya yi tsit.

Inna ce ta fara. Ta toshe baki da zane, kafaɗunta na rawa, har ta kasa riƙewa ta fashe da dariya tana riƙe ƙafa. "Wayyo karayata! Wayyo cikina!"

"Baffa, wallahi hoton..." in ji Ameer, gumi na bin wuyansa.

"Abin da ba ka gani da idonka ba, shi ka kawo ka kunna a gaban iyalina?" Baffa ya nuna kwalin. "Mayar da ita."

Goggo ta ɗauki jakarta, ba ta ko jira abinci ba.

*

Washegari da hantsi ina shara, Baffa yana kan tabarmarsa a ƙofar ɗakin Inna, inda ya saba zama da rediyo yana ba wa ɗakin baya. Ya yi gyaran murya.

"Salamatu."

"Na'am."

"Wai... wannan dattijon. Da ya sayar da bijiminsa ya shiga mota. Ya ga ɗan nasa kuwa?"

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

Inna ta leƙo. "Wane dattijo, Malam? Ai kai ba ka kallo."

"Ina da kunne ai."

"Ashe rediyon nan a kashe take duk kwanakin nan!"

"Tambayarki na yi."

"Ina zan sani? Ƙarshen yana wurin wanda ka kora."

Baffa ya sa hula, ya ɗauki sandarsa, ya fita.

Har azahar bai dawo ba. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Can sai wayata ta yi ƙara, lambar Terseer.

"Sister! Babanki yana nan fa!"

"Innalillahi! Faɗa yake?"

"Da farko ya yi. Na ce Baba, ni ne na sa wancan, ba Oga ba. Oga ya buɗe kwamfuta ya ce ya duba duk abin da yana so. Baba ya duba, ya duba, ya yi tambaya kamar ɗan sanda. Yanzu an ba shi kujera da abin kunne."

"Me yake yi?"

Terseer ya rage murya. "Yana kuka, sister. Ya ce wai hayaƙin janareto ne. Mu kuwa sola muke amfani!"

Da la'asar na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Na leƙa ta labule. Kalilu ne ke tuƙi, Baffa a baya ya riƙe sanda a kwance. Ya sauka, ya gyara babbar riga, ya yi magana da ƙarfi yadda duk gidan zai ji.

"Ka ce wa mahaifinka ina gida ranar Lahadi. Ya turo manya."

Kalilu ya durƙusa har ƙasa. Ni kuwa na ruga na faɗa jikin Inna.

"Inna! Kin ji? Kin ji?!"

"Na ji, 'yar nan, sauka daga kan ƙafata!"

Baffa ya shigo ya ajiye memorin a gabanta.

"Malam, ya ga ɗan nasa?"

"Ki kalla da kanki," ya ce, ya juya da sauri. Idonsa ja wur.

*

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Inna ta taka da ƙafarta, har ta ɗan yi rawa da aka ce mata ta zauna. Dangin Baffa suka zo daga Kwandere da ƙoren nono, Terseer ya zo da matarsa da doya cike da keke napep. Goggo Usaina ita ta riƙe hannuna ta kai ni ɗaki, tana cewa ita dama tun farko ta ga natsuwa a fuskar yaron.

Da safe ina haɗa mana shayi, Kalilu ya tsaya a ƙofar kicin yana kallona.

"Amarya, kin san ban taɓa ganin abin da ya kai ki kyau ba?"

"Kai da ka kalli jarumai dubu?"

"Su aikinsu ne. Ke kuwa tawa ce."

Wayata ta yi ƙara. Na duba.

"Baffa ne... da sassafen nan?"

Na ɗauka, na durƙusa kamar yana gabana. "Baffa, ina kwana? Lafiya dai? Inna ce?"

"Lafiya lau. Kin tashi lafiya? Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baffa." Hawaye suka cika min ido. Ashe kewata yake.

"To madalla. Ba ni mijinki."

Na miƙa wa Kalilu. Ya saurara, ya ce "To, Baffa," ya ƙara cewa "In sha Allahu, Baffa," yana cije leɓe. Da ya kashe sai ya jingina da bango yana dariya.

"Me ya ce?"

"Wai abokansa dillalai za su zo gida da yamma. A zaɓo musu mai kyau, wanda akwai shanu a ciki."

"Ranar farkon aurenmu?!"

"Na ce to."

Na ɗaga ludayi na bi shi, ya zagaye tabarma yana ihu, shayin ya tafasa ya zube a kan murhu, ba wanda ya kula.