Takabar Raƙiya a Shekarar Korona

Da Raƙiya ta cika kwana arba'in cikin takaba, ƙwaryar furar da ake turo mata ta bakin ƙofa ta daina zuwa kullum. Tana zaune a ɗakin mijinta Yunusu, a garin Afala, da zane ɗaya koɗaɗɗe, ba kwalli, ba turare, ba mai sallama. Yayan mijin, Muktari, shi ya kawo labarin a farkon bazara: wai an bugo masa waya daga Tamanrasat ta Aljeriya, inda Yunusu ya je ci-rani, korona ta kashe Yunusu, an rufe shi can. Ya ƙara da cewa rigunan da Yunusu ya aiko kafin a rufe iyaka suna ɗauke da cutar, duk mai son ransa ya yi nesa da ɗakin. Mutanen Afala ba su cika yarda akwai korona ba, amma a kan marainiyar da ba ta da kowa, nan take suka yarda.

Bayan katangar ɗakin akwai inuwar dogon yaro inda maza ke shan shayi, nan Malam Sa'idu, tsohon malamin lakkol, wato makarantar boko, yake rarraba musu labarin duniya daga rediyonsa. A Faransa, in ji shi, sai ka rubuta wa kanka takarda kafin ka fita, awa guda tak. A Abijan an datse hanyoyin birni. A Kano ana buɗe kasuwa kwana biyu a mako, a Yamai an hana shiga da fita, ga wata ƙasa Suwidin da ta ƙi kulle kowa. Muktari ya fi kowa ɗaga murya: ɗan Adam ba akuya ba ne da za a ɗaure shi, in shi ne ko kwana uku ba zai yi ba.

Raƙiya takan jingina kai da bango tana saurare, har sunayen ƙasashen su zama mata kamar mafarki. Ta ga titunan Faransa shimfiɗe kamar rairayin gulbi, ba kowa sai wata mace da takarda a hannu tana tafiya a hankali... Allah sarki! Da za a ba ta wannan awa ɗayar, da ta je gonar Yunusu da ke kwari, wadda suka share tare, ta tsaya ta shaƙi ƙanshin ƙasa. Gonar ce babban abin da ya rage mata a duniya.

Ruwan shuka ya sauka. Washegari ta ji Muktari yana fitar da iri, ta yi magana ta bayan ƙyaure.

"Yaya, don Allah a bar mini ko gefen gonar. In na fita mi zan ci?"

"Gonar gidanmu ce, Raƙiya. Ba ki haihu da shi ba. Ki gama kwanakinki ki nemi danginki."

Ya san sarai ba ta da dangi. Aka kwance akuyarta, aka kwashe hatsin rumbunta, zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu ba mai miƙa mata ruwa. Tana kuka tana cewa, "Ya Allah, Kai ne Ka ɗauke shi, Kai ne kuma Ka ga abin da ake mini. Ban da kowa sai Kai..."

Ranar da ta cika kwana ɗari da ashirin, da hantsi, hirar inuwa ta yanke ɗif. Wani ramammen mutum ya sauko daga motar da ta taso daga birnin Tawa, shi da abokin tafiyarsa Abdurazak. Malam Sa'idu ya saki rediyo, rediyon ya faɗi ƙasa.

Yunusu ne. An koro su daga Aljeriya, sun taka hamada da ƙafa, an killace su a Asamaka ta bakin iyaka, sannan suka yi watanni a sansani a Agadas suna jiran mota. Da ya tura ƙyauren ya ga yadda matarsa ta koma, sai ya durƙusa.

"Raƙiya, takabar wa kike yi?"

"Taka, Malam," ta ce, ta faɗi a ƙafafunsa tana rusa kuka.

A gaban maigari Muktari ya rantse bai san Yunusu na da rai ba. Abdurazak ya fito da wayarsa, wadda Yunusu ke ara duk Juma'a ya aika wa yayansa saƙon murya, tunda Raƙiya ba ta da waya. Jama'a suka ji muryar Muktari tiryan-tiryan yana amsawa: "Raƙiya lafiya lau take, tana gaishe ka. Kada ka yi gaggawar tahowa."

Maigari ya yanke cewa gona ta Yunusu ce, da duk geron da Muktari ya shuka ya nome. Akuya da hatsin rumbu su dawo. Ranar girbi kuma Muktari da kansa zai kai amfanin gidan Yunusu.

Haka aka yi. Da kaka ta yi, Afala ta fito kallo, Muktari na tahowa daga kwari da dami a ka, gumi na zuba, ba mai ce masa sannu. Raƙiya na tsaye gindin rumbunta da sabon lalle a hannu, tana nuna masa inda zai sauke.