Ruwan Zafi a Makwarara

Magariba ta sauko a hankali a ranar, irin saukar da ke sa kaji su yi tsit tun ba a kora su ba. Umma na kan darduma a ƙofar ɗakinta. Auta na ninke wanki. Babban ɗan gidan kuwa, mai walda, yana tsugune a bayan banɗaki da butar ƙarfe a hannu, yana aikin da ba ya son kowa ya gani.

Ranar da taba ta gama cinye ƙirjin mahaifinsu, ya durƙusa gaban Umma ya rantse ya bar sigari. Ya bari ɗin, amma rabi da rabi. Ya koma sigarin lantarki a ɓoye, 'yar siririya mai kamar biro, wadda ake fara koyo da ita. To ga shi ta gaji. Kafin azahar cajinta ya mutu, hayaƙinta bai kai na ashana ba. Shi ya sa da rana ya biya ta rumfar mai gyaran waya.

"Wannan mai allon ita ce ta manya," in ji mai gyaran waya.

"Ajiye wa manyan. Nuna min ta talaka."

"To ga ta hannu. Batirinta na wuni, tankin ruwan hayaƙinta ya ninka naka, abin ƙona ruwan ma ko ina ana samu. Mai ita tuba ya yi ya sayar."

"Allah ya karɓi tubansa, ni kuma ka yi min sauƙi."

"Na yi. Amma ka wanke tankin da ruwan zafi, bakin wani ƙato ya sha."

Wankin da yake yi ke nan. Ya sani sarai ba a zuba tafasasshen ruwa a makwarara da almuru sai da bisimilla. Kalmar ta zo har kan harshensa, sai ya ji kunyar ambaton Allah a kan kayan hayaƙi. Ya haɗiye ta. Ya tuntsura butar.

Wani ɗan kuka ya taso daga cikin ramin, siriri, kamar na jinjirin kyanwa. Ya yanke.

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi kafin ya miƙe. Na biyu ya fasa randa. Babu kowa a kan katanga, babu kowa a lungu. Duwatsun da zafinsu suke zuwa, kamar daga murhu aka tsamo su.

Haka gidan ya koma. Da rana lafiya lau, rana na yin ja sai ruwan duwatsu, da wata murya a makwarara tana rarrashin yaron da ba ya amsawa. Mai walda ya ɓoye sabuwar sigarin a aljihu, ya ɓoye maganar a ciki. Sai wani yammaci Auta ta saki tire a tsakar gida, ta sandare, ta fara buga goshinta da bango. Da Umma ta ɗaga rigarta, bayan yarinyar duk bororo ne, kamar an watsa mata ruwan zafi, alhali ko wuta ba ta je kusa ba.

Ya fita da gudu ya ɗauko Malam mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Malam ya sa aka riƙe ta, ya zauna daidai kanta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Duhu na shigowa ɗakin kaɗan-kaɗan, har jikin Auta ya lanƙwashe kamar ƙarfe a wuta.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ni mace ce, tsoho." Muryar ta tsufa, ba ta Auta ba ce. "Uwa ce ni. Da."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ita? Ko kallon banza. Tambayi wannan mai baƙin hannun abin da ke aljihunsa."

Kafin kowa ya motsa, Auta ta fizge. Yarinyar da ba ta iya ɗaga bokiti ita kaɗai ta ɗaga yayanta ta maka shi da ƙofa. Ta yage aljihun, ta zaro sigarin, ta haye ƙirjinsa.

"Sha! Ba saboda wannan ka dafa min ɗa ba? Sha!"

Ta cusa masa ƙarfen a baki da dukan ƙarfinta. Ya ji haƙori ya karye, gilashin tankin ya tarwatse, zaƙin ruwan ya gauraya da jini. Bai ɗaga hannu ba. Hannun da zai ture na ƙanwarsa ne.

Malam ya ɗaga murya da karatu har ta sake shi tana ihu.

"Fita, baiwar Allah. Bai gan ku ba."

"Da ya ambaci sunan da ya sani, da na janye ɗana! Zan fita, amma da numfashin yarinyar zan tafi."

"Ba ki isa ba."

"To hannunsa na dama. A tafasa ruwa ya tsoma."

Mai walda ya miƙa hannun, yana tofar da jini. "Umma, ɗora ruwan."

"Zauna!" Malam ya daka masa tsawa. "Ba a biyan su da naman mutum. In ka ba da hannu yau, gobe wuya za ta nema."

Umma kuwa tana gefe. Idonta na kan fasasshen abin hayaƙin da ke ƙasa. Ta dube shi, ta dubi ɗanta, shi kuwa ya gwammace duka da wannan kallon. Sai ta ja jiki ta matsa kusa da Auta, ta kama hannayen nan masu jini.

"Yaya sunan yaron?"

Muryar ta faɗi wani suna da kunnen mutum ba ya riƙewa.

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Umma. "Ɗana ne ya yi, kuma ni na haife shi. Na wanke mijina da hawaye bana, na san abin da ke cin ki. Kar ki sa ni a inda kike."

Aljanar ta fashe da kuka, kuka mai tsawo, da idanun Auta. Da ta lafa ta ce, "Babu wanda ya yi min gaisuwa sai ke." Ta ce a toshe makwararar, a bar mata wurin, kar a sake zuba ko ruwan sanyi. Malam ya ce wannan an yarda. Ya sa ta yi alkawari, ya nuna mata ƙaramin yatsan ƙafar Auta ya ce ta nan za ta fita. Yatsan ya yi karkarwa, Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Ta buɗe ido a hankali. Ta ga jini a hannunta, ta ga yayanta jingine da ƙofa.

"Yaya, wa ya fasa maka baki?"

Ya buɗe baki zai amsa, iska kawai ta fito ta gurbin haƙorin.

"Ni ce," in ji Umma. "Kuma ban gama da shi ba. Kwanta, 'yar nan."