Hanyar da Baban Lele Ba Ya Bi

Tun da safe Amarya take kai da kawowa a ƙaramin ɗakin. Ta share, ta goge, ta shimfiɗa zanen gado ruwan hoda, sannan ta cire shi domin ta tuna an ce yarinyar ba ta son launin. Aurenta ya haura shekara, amma sunan Amarya ya manne mata, har mai kanti da shi yake kiranta. Mijinta, mai gyaran firji da fanka, yana tsaye a bakin ƙofa yana juya mukullin mota a yatsa.

Yau za a kawo Lele, 'yarsa mai shekara tara, ta yi hutun mako guda. Tun rasuwar mahaifiyarta take hannun Kaka, uwar marigayiyar, kuma Kaka ta gindaya sharaɗi. Idan hutu ya ƙare za ta tambayi yarinyar da bakinta. In ta ce ta ji daɗi, to ta dawo gidan ubanta da zama. In ta ce a'a, kada wanda ya ƙara tayar da maganar.

"Baban Lele, ka kwantar da hankalinka," in ji Amarya, alhali nata hankalin ya fi nasa tashi.

Bai dube ta ba ya ce, "Gidan da 'yata ta kasa zama, ban san yadda ni zan iya zamansa ba."

 Amarya ta gane sarai cewa aurenta ne aka ɗora a kan amsar yarinya.

Kaka ta iso da hantsi, riƙe da hannun jikarta. Ta amsa gaisuwar Amarya da kai, ta shafa yatsa a jikin taga ko za ta samu ƙura, ba ta samu ba, abin ma kamar ya ɓata mata rai. Ta jero dokokinta – ban da ruwan sanyi, ban da yawo cikin rana – ta tafi.

Ba su da halin tafiya wani gari, don haka Amarya ta kakkaɓe duk wani wurin shaƙatawa da ke kusa. Suka je filin wasan yara aka hau lilo. Suka je gidan namun daji, inda biri ya fizge hular Baban Lele, mutane suka yi ta dariya. Suka je laburare sashen yara, suka shimfiɗa tabarma a bakin tafki suna jefa wa agwagi burodi. Ko'ina Lele takan tsaya inda aka ce ta tsaya, ta yi murmushi in za a ɗauki hoto, ta ce, "Na gode, Anti." Shi ke nan. Da ma rashin kunya ta yi, da Amarya ta san ta inda za ta kamo ta, amma wannan ladabi irin na baƙo ya hana ta sakat.

Abu ɗaya ta lura da shi. Duk sanda suka zo mahaɗar da ke bayan kasuwa, Baban Lele sai ya karya kan mota ya bi doguwar hanya, wai ramuka sun yi yawa a ta gaba. Lele kuwa sai ta juya tana kallon hanyar ta gilashin baya har ta ɓace.

Ranar Laraba aka kira Baban Lele gyara a wani shagon sayar da kifi, firjinsu ya tsaya kaya na shirin lalacewa. Aka bar su su biyu. Amarya ta ambaci silima, ta ambaci askirim, yarinyar tana ta cewa duk yadda Anti ta ce. Daga ƙarshe ta gaji, ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Lele, dabarata ta ƙare. Ke ina kike son zuwa?"

Yarinyar ta daɗe tana murza gefen rigarta, sannan ta ce a hankali, "Baba ba zai so ba."

Da ƙafa suka tafi, Lele a gaba. Suka wuce mahaɗar, suka miƙe hanyar da ba ta da rami ko ɗaya, har suka hau wata gadar masu tafiya a ƙafa da ta ratsa saman layin dogo. Babu komai a wurin sai ƙarfen dafawa da fentinsa ya ɓaɓɓare. Lele ta ce nan Mamanta take kawo ta duk hutu su jira jirgi, su ɗaga masa hannu, in direban ya yi musu oda sun ci nasara. Ta yi ta zuba labari kamar an buɗe famfo: yadda Mama take dariya, waƙar da take yi, ranar da iska ta ɗauke mata mayafi. Kishin matar da ba ta taɓa gani ba ya taso wa Amarya, ta haɗiye shi ta ci gaba da tambaya. Da jirgin ya zo suka ɗaga hannu tare, direban ya danna oda, sai Lele ta kifa kanta a jikin Amarya ta fashe da kuka. Amarya ba ta ce ta yi shiru ba, ta riƙe ta har ta gaji don kanta.

Suna dawowa suka tarar da Kaka a falo, ta zo ba sanarwa, Baban Lele ma ya dawo. Kaka na ganin kumburarrun idanun jikarta ta miƙe tana salati. Ta ce da ma ta faɗa, matar uba matar uba ce, sai da aka fakaici idon uban aka fita da marainiya aka gana mata azaba. Amarya ta fara bayani, amma tana ambaton gada fuskar mijinta ta canza.

"Wa ya ce ki kai ta can?" in ji shi. "Wa ya ba ki izinin taɓa abin da ba naki ba?"

Lele ta maƙale a bayan kujera ta kasa magana. Amarya ta dube ta, ta ga tsoro ƙarara a idonta, ta san kalma ɗaya za ta wanke kanta – Lele ce ta roƙa a kai ta – amma kalmar a kan yarinyar za ta faɗa. Sai ta sunkuyar da kai ta ce laifinta ne, a yi haƙuri. Kaka ta tattara kayan Lele a jaka ta ja ta suka fita.

Sauran kwanakin hutun gidan ya yi tsit. Baban Lele yana fita da sassafe, abinci ma a shago yake ci. Amarya tana dafawa tana rufewa, tana kuka a kicin, duk motsin da ya yi sai ta ɗauka yanzu zai ce ta je gida tukuna. Yayarta ta bugo waya ta ce ta haɗa kayanta tun kafin a haɗa mata. Amarya ta ce ba inda za ta, ta san ba ta cuci kowa ba.

Ranar ƙarshe da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kaka ce da Lele, da jaka babba wadda ta fi ta farko. Tsohuwar ta zauna ba tare da ta duba taga ba, ta sa aka kira surukinta. Ta ce ta yi tambayar da ta yi alkawari, kuma ta samu amsar da ta hana ta cin abinci. Ta juya ga jikarta ta ce ta maimaita.

Lele ta dubi ubanta. "Baba, sori. Ni na ce ta kai ni. In na yi maganar Mama a gidan Kaka, Kaka sai ta yi kuka. In na yi a gabanka, sai ka tashi ka fita. Anti ce kaɗai ta bar ni na gama."

Baban Lele ya dafe bango. Mutumin da bai zubar da hawaye a gaban kowa ba tun ranar rasuwa, sai ga shi a durƙushe ya rungume 'yarsa yana sheshsheƙa. Da ya ɗago ya nemi idon matarsa, ya ce ta yafe masa, shi ne ya gudu ya bar yarinya da kayan da ya fi ƙarfinta, ita ta tsaya ta taya ta ɗauka, ya saka mata da faɗa. Amarya ta gyaɗa masa kai.

Kaka ta share ido da gefen mayafi, ta kamo hannun Lele ta sa a cikin na Amarya. "'Yar nan, na zalunce ki. Ga 'yarki, ki nema mata makaranta kusa da ku."

Haka haƙurin Amarya ya tsare mata aurenta, ya ƙara mata da 'ya. Da ta biye wa zuciya ta wanke kanta a ranar, da ta yi nasara a magana ta rasa yarinyar. Masu shirin fita da yara hutu kuma su tuna, kafin a tayar da mota a tambayi yaro inda yake son zuwa, sannan a daure a saurari amsarsa har ƙarshe.