Hoton da Fauziyya Ta Ƙi Gogewa

Kyamara ɗaya tak makarantar su Fauziyya ta mallaka, bi da bi 'yan aji biyar suke zuwa gida da ita. Ranar da layi ya zo kanta, Malam Abdulhadi mai koyar da ɗaukar hoto ya ce ta kamo masa faɗuwar rana a gona, gobe ta kawo. Babanta kuwa tuni ya yanke hukunci: in ta faɗi wannan darasi, ajin ɗinki za ta koma. Ita ko allura ba ta son gani.

Da la'asar sakaliya ta bi hanyar gonaki a bayan garin Tsanyawa. An gama yankan gero, ko'ina kara ne a kwance. Can ta hango tsamiyar kan iyakar gonakin, rana na gangarawa daidai bayanta. Sai dai ga dami guda jingine a gindinta, ya tare mata hasken. Duk kaka manoma kan bar dami ɗaya a nan don masu wurin, ko akuya ba ta taɓa shi. Fauziyya ta sani sarai. Amma Malam ya ce duk abin da zai ɓata hoto a kawar da shi, ita kuma Allah ya zuba mata kunnen ƙashi. Ta ja damin gefe, ta kakkaɓe hijabinta.

Ta durƙusa, ta daidaita, ta danna. Ƙyas.

Kukan tsuntsaye ya ɗauke ɗif. Ƙanshin gero ɗan dakan yanzu ya cika mata hanci, alhali babu turmi a kusa.

Ta duba allon kyamara. Hoto ya yi kyau, har ya fi yadda take buri. Amma a gurbin damin wata doguwar mace ce tsaye da taɓarya, ta ba da baya.

Ta ɗaga kai. Ba kowa.

Ta sake kallon allon. Matar ta juyo.

"Goge," wata murya ta raɗa mata a bayan kunne, numfashin da sanyi.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Duk da haka ta rarrafa ta kamo damin, ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ta mayar da shi mazauninsa.

"Ga daminki, Inna. Na yi laifi, ki yafe ni," ta ce. "Amma hoto nawa ne."

"Goge."

Babban yatsanta ya fara tafiya da kansa zuwa madannin gogewa. Ta hana, ya ƙi.

Ta kai shi baki ta gantsara masa cizo. Jini ya cika mata harshe.

"Wallahi ba zan goge ba!"

Ta yi a'uziyya ta zura da gudu. Kututturan kara na yankan ƙafarta. A bayanta ana daka.

Dum.

Dum.

Ƙasa na girgiza, kowane bugu ya fi na baya kusa.

Wani abu ya cafki hijabinta. Ta sunkuya ta zare kanta, ta bar masa.

Sai ladan ya ɗaga kiran magariba. Dakan ya tsaya.

Hoton ne ya zo na ɗaya a ajin. Da Malam ya tambayi wace ce matar, Fauziyya ta ce maƙwabciyar gonarsu ce. Baba bai ƙara zancen ɗinki ba.

Tun daga ranar, in za ta zauna a benci sai 'yan ajin su matsa su bar fili a hagunta, ba tare da sun san sun yi ba. Ranar hoton ƙarshen zango ma haka aka yi. Malam ya yi ta cewa a matso a cike gurbin, ƙafar kowa ta ƙi ɗaguwa.

Fauziyya ta ɗaga hannun hagu, ta ɗora shi a kan iska daidai tsayin kafaɗa. Hannun ya zauna daram.

"Ɗauka kawai, Malam," ta ce. "Yau ita ta zo da kanta."