Gadon Cikin Kwamfuta

"Ya yi! Wallahi ya yi!"

Ihun Nazifa ne ya cika tsakar gidan Alhaji Abdussamadu da ke Gwadangaji, har Goggo Kulu, ƙanwar Alhajin, ta saki muciya ta leƙo daga madafa. Yarinyar, ɗiyar Alhajin, na zaune bisa tabarma, laftof a cinya, waya a kunne, tana dariya kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Aji biyu take a jami'a a nan Birnin Kebbi, tana karanta kimiyyar kwamfuta. A zangon nan aka ɗora musu darasin da ke sa ɗalibai zufa, na rubuta manhaja ta hanyar kasa komai gida-gida: a tsara uba da siffofinsa, sannan a fitar da 'ya'ya daga jikinsa su gaji siffofin. Abin ya ƙi shiga kanta, sai da Aminullahi ya sa baki. Shi ne saurayinta, ɗan ajin ƙarshe, ɗan wani masunci a Argungu, kuma tuni magabatansa suka kawo gaisuwa.

"Kin gane ke nan, Malama?" ya tambaye ta a wayar.

"Na gane sarai! Gadon nan ai ba wuya. Abin da ba mu so kowa ya taɓa mu ɓoye shi, mu kulle. Da zarar mun gama da uban kuwa, 'ya'yan sauƙi gare su!"

Ba ta san yayanta Kalilu yana zaure yana kafe babur ba. Dama bai taɓa son haɗin ba, ga shi Alhaji bai jima da tashi daga jinya ba. Ya juya ko sallama bai yi ba, ya je ya kwashe abin da ya ji ya faɗa wa Alhaji.

Bayan la'asar Alhaji ya kira ta, idanunsa jajir.

"Ashe mutuwata kuke jira, Nazifa? Wanga yaro gonakin albasata na Argungu ya hango, ke kuma kika biye mishi!"

"Baba, wallahi karatu ne—"

"Yi mini shiru! Karatun gamawa da uba? Maganar aure ta mutu. Miƙo kwamfutar da wayar!"

Ta miƙa masa, ta faɗa ɗaki ta fashe da kuka. Ba rabuwar kaɗai ke cin ranta ba. A ce mahaifinta ya yarda za ta iya yi masa fatan mutuwa! Ga kuma furojet ɗin ƙarshen zango yana cikin laftof ɗin.

Washegari Aminullahi ya tare ta a bakin ɗakin lakca. Da ya ji labari ya dafe kai.

"Innalillahi! Yanzun nan zan hau keke Napep in je in yi masa bayani!"

"A'a, Aminu. Yana cikin fushi, sai ya ce raini ne. Ya hana ni kula ka, kuma ba zan saɓa masa ba. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe sai ya yarda."

Ya dube ta ya ce, "Na ji, na bi. Amma ki gama furojet ɗin, kin fi ƙarfinsa."

Haka ta koma kwamfutocin sashensu, ta faro aikin daga tushe, ita kaɗai. In ya ƙi tashi ta share hawaye ta sake. A gida kuwa ba ta fasa durƙusawa ta gaida Alhaji ba, ko da bai amsa ba. Ranar da manhajar ta tashi ba kuskure, sai da ta yi tsalle ta rungume ƙawarta Humaira a gaban kowa.

Goggo Kulu ce ta gaji da ganin ramarta. Suna tsintar shinkafa ta ce, "Ɗiyata, hwaɗa mini gaskiya, wane uba za ku gama da shi?"

Nazifa ta zayyana mata komai. Goggo ta tafa hannu, ta yafa gyale, ta nufi turakar yayanta.

"Yaya, ka yanke hukunci da kunne guda! Hito da na'urar nan ta nuna muna. In ƙarya take, ni zan fara yi mata hukunci."

Aka taru a tsakar gida har da Kalilu. Nazifa ta buɗe laftof.

"Baba, ga uban, sunansa Manomi. Yana da suna, yana da gona, yana shuka. Ga ɗansa Mai Albasa, ga Mai Shinkafa. Ba sai na sake rubuta musu komai ba, sun gada daga gare shi. Shi ne gadon."

"To, gamawa da shi fa?"

"Gama rubuta shi, Baba."

Ta danna. Allon ya nuna: Mai Albasa yana shuka.

Alhaji ya gyara tabarau ya karanta. Can sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske.

"Ki yahe mini, ɗiyata. Na zalunce ki, kika rama mini da biyayya."

"Ba ka yi mini komai ba, Baba!" ta ce tana kuka.

Kalilu ya sunkuyar da kai. "Ni na jawo. Ki yi haƙuri, ƙanwata."

Alhaji bai aika kowa ba. Da kansa ya tafi Argungu, ya iske Malam Tamba, mahaifin Aminullahi, yana gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida, ya ba shi haƙuri a gaban jama'a. Kafin ya taso an sa rana, bayan girbin shinkafa. Da labari ya iso Gwadangaji, Goggo Kulu ta rangaɗa guɗar da ta fito da maƙwabta, Nazifa kuwa ta ruga ɗaki ta rufe fuska don kunya da murna. Darasin ma ta ci shi da maki mafi girma.

Jama'a, rabin zance guba ne, kada a ɗauke shi a kai gaba sai an ji ƙarshensa. Wanda kuma ya yi haƙuri da fushin iyaye alhali yana kan gaskiya, Allah ba ya barin sa ya kunyata.